Harshen Gidan Surukanki, Mamana

Beltsville, Maryland
Ranar Laraba

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mamana,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ko a cikin jirgi kika buɗe ta, ko sai da kuka sauka kuka huta. Allah ya tsare muku hanya, ya tsare sama da ƙasa da tekun da za ku ƙetare, ya kai ki gidan mijinki lafiya.

Da gangan na rubuta da Hausa. Na san za ki bi ta a hankali kina motsa leɓe, wani wurin ki koma baya ki sake. Ba komai, tafiyar da nisa, kina da lokaci.

Maganar zaman aure mun yi ta, gwaggonninki ma sun yi miki ta waya har kin gaji. Abin da ban samu na zaunar da ke a kansa ba shi ne harshen mutanen da za ki zauna a cikinsu. Na ga kina ta koyon harshen Indonesiya a wayarki, kuma kin kyauta, shi za ki yi a ofis da banki da tashar jirgi. Amma idan kika tuɓe takalmi kika shiga gidan mahaifiyar mijinki Bayu, wani harshen za ki tarar. Jawanci ne. Na fi shekara goma ina raɓe da shi, har yau ban daina mamakinsa ba, kuma kusan duk abin da na sani a kansa ta hanyar kuskure na sani. Shi ya sa nake so in ba ki labarin kurakuran, ko Allah ya sa ki tsallake wasu.

Kin san Mbah Sumi a matsayin kakar mijinki, 'yar tsohuwar nan mai ɗaure gashi a ƙeya, wadda take ba ki alewar kwakwa kina 'yar firamare. Mbah a wurinsu shi ne kaka. Amma ba ki san yadda na fara haɗuwa da ita ba. Lokacin ina sashen gashin ƙashi na asibitin da na bari. Ta zo ziyara ne wurin ɗanta Pak Darmo, injiniyan nan na Annandale, sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ta. Da aka kawo mini ita hannunta na dama ba ya motsi, ƙafar ma sai an ja. Na duba takardarta na ga an rubuta 'yar Indonesiya ce, sai na kira tafinta ta waya, na kara mata a kunne. Mutumin ya yi ta magana, ita kuwa bango take kallo. Can sai ta buɗe baki ta faɗi wata doguwar magana a hankali, kamar mai rarrashin jariri.

Sai tafintan ya ce mini, "Ki yi haƙuri, wannan ba harshen da nake fassarawa ba ne. Ni mutumin tsibirin Sumatra ne. Jawanci take yi, mai zurfi ma kuwa."

Na ce, "Kamar yaya? Ba ƙasarku ɗaya ba?"

Ya ce, "Ke 'yar wace ƙasa ce?"

Na ce Najeriya.

Ya ce, "To, duk wanda ya fito daga Najeriya kina jin yarensa?"

Kunya ta rufe ni. Ni ce fa mai jin haushi idan Ba'amurke ya tambaye ni ko ina jin "yaren Afirka". Ga shi na ɗauki ƙasa mai dubban tsibirai da ɗaruruwan harsuna na dunƙule ta wuri ɗaya. Daga baya na fahimci Mbah ta iya harshen Indonesiya sarai kafin ciwon, har da ɗan Turanci na gaisuwa. Ciwon ya share su duka, ya bar mata wanda ta tsotsa a nono. Na sha ganin ikon Allah a aikin nan, amma wannan ya tsaya mini a rai: ƙwaƙwalwa ta zubar da duk kayan da aka lafta mata a hanya, ta riƙe na farko.

Saboda haka abu na farko, kada ki ga mutum ki yanke masa harshe da fasfonsa. A tsibirin Jawa kansa ba kowa ne yake Jawanci ba. Mutanen yamma Sundawa ne, harshensu daban. Masu Jawanci su ne na tsakiya da na gabas, miliyoyi ne masu ɗimbin yawa, sun fi kowace ƙabila yawa a ƙasar. Abin da ya ƙara ba ni mamaki, da aka zo zaɓen harshen da zai haɗa ƙasa, ba nasu aka ɗauka ba, an ɗauki na 'yan kasuwar gaɓar teku, su kuma suka karɓa. Na daɗe ina juya wannan a raina. Ban san ko mu za mu iya ba.

Da yamma ɗan nata ya zo daga wurin aiki. Na yi murna, na ce ga mai fassara ya samu. Ta yi masa magana, ya saurara, ya juyo ya gaya mini da Turanci cewa kafaɗarta ke zafi. Amma ita bai ce mata uffan ba. Ya gyara mata matashi, ya ja bargo, ya koma jikin taga ya tsaya. Washegari haka, jibi haka. Ita kuma ta daina cin abinci, ta daina yarda in ɗaga mata hannu. Tana ta ramewa, har likitoci suka fara maganar saka mata robar abinci ta hanci. Ni a zuciyata na riga na gama yanke wa mutumin nan hukunci, na ce ga wani da boko da Amurka suka busar wa zuciya.

Ran nan na kasa haƙuri, na tare shi a baranda. Na ce, "Malam, mahaifiyarka ba magani take nema ba, muryarka take nema. Me ya hana ka yi mata magana?"

Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Ya ce, "Ba zan iya ba. Tun ina yaro aka kai ni makaranta babban birni. Da harshen Indonesiya nake yi mata magana duk shekarun nan, yanzu kuma ba ta jin sa. Jawancin da ya rage a bakina na wasa da abokai ne. Ba a yi wa uwa magana da shi."

Na ce, "Harshe ai harshe ne."

Ya ce, "A wurinmu ba haka ba ne."

A tsaye a barandar nan ya yi mini bayanin da har yau in na tuna tsigar jikina take tashi. Ya ce Jawanci hawa-hawa ne. Akwai na ƙasa, ngoko, wanda ake yi da aboki da ƙane da yaro, kuma da shi mutum yake magana da zuciyarsa. Akwai na sama, krama, wanda ake yi wa babba da baƙo. Akwai ma na tsaka-tsaki. Mu idan za mu girmama mutum sai mu ce "ku" maimakon "kai", mu ƙara da ranka ya daɗe, mu sassauta murya. Su kalmomin ne gaba ɗaya suke sauyawa. Gida sunansa daban idan naka ne, daban idan na babba ne. Ci, barci, tafiya, ido, kai, kowanne da nasa. Kafin ka buɗe baki sai ka auna wane ne kai, wane ne shi, wane ne kuma wanda kuke magana a kansa. Ya ce shi ya sa idan yaro bai iya ladabi ba tukuna, sai su ce bai zama mutumin Jawa ba tukuna.

Ashe mutumin da na ɗauka mai busasshiyar zuciya, kunyar uwarsa ce ta ɗaure masa harshe. Ya gwammace ya yi shiru da ya kira ta da kalmar da ake kiran sa'a. Mamana, za ki ga shiru da yawa a can. Kada ki yi gaggawar fassara shi irin yadda na yi. Ke kin tashi inda ake koya wa yara su faɗi duk abin da ke ransu, su kalli babba ido cikin ido. Can ba haka ba ne, sun fi kama da mutanen gidanmu na Zariya. Idan surukarki ta yi shiru ta sunkuyar da kai, ba lallai fushi take ba. Ki jira. Ki tambayi mijinki idan kun keɓe.

Ni kuwa da ƙarfin halina sai na ce bari in gyara lamarin da kaina. Na shiga intanet na samo yadda ake cewa "kin ci abinci?", na haddace a mota. Na shiga ɗakin da fara'ata, ɗan yana tsaye, na ce, "Kowe wis mangan?"

Pak Darmo ya rintse ido kamar an taka masa ƙafa. Ashe na ƙasan na ɗauko. Na yi wa tsohuwar da ta isa ta haifi uwata irin maganar da ake yi wa ɗan yaye. Mbah ta juyo ta kalle ni, karo na farko da ta kalle ni sosai. Ba ta ɓata rai ba. Ta ɗaga hannun hagu mai lafiyar, ta nuna kanta da babban yatsa, ta ce a hankali, gaɓa bayan gaɓa, "Pan-je-ne-ngan." Wato haka ake cewa "ke" ga babba. Na maimaita. Ta girgiza kai. Na sake. Ta ce, "Sampun dhahar," wato "kin ci abinci" da harshen sama. Na maimaita, harshena yana sarƙewa. Sai gefen bakinta mai motsi ya ɗaga, ta yi dariya. Sannan ta juya ga ɗanta, ta nuna shi da yatsan nan, alamar kai ma faɗi.

Mutum mai furfura, wanda yake zana gadoji, ya tsaya gaban gado kamar ɗan aji ɗaya, ya ce, "Panjenengan sampun dhahar, Bu?" Bu a wurinsu shi ne Mama. Ta ce ba ta ci ba. Ya ɗauko kwanon da ta ƙi taɓawa tun safe, ya zauna bakin gado. Ta buɗe baki.

Daga ranar muka zama ɗalibanta mu biyu. Ina miƙe mata yatsu tana gyara mini lafazi. Ba ta yarda ta taka ƙafa sai na faɗi kalmar jiya daidai. Maganar robar hanci ta wuce. Ba zan ce miki ki maimaita kuskurena ba, don ba kowace tsohuwa ce Mbah Sumi ba. Ki fara koyon na sama kafin na ƙasa, ko da ya fi wuya. Idan kika girmama wanda bai kai ba, dariya kawai za a yi. Idan kika ƙasƙantar da wanda ya kai, za a yafe miki a baki, amma za a daɗe ana tunawa. Duk da haka kada tsoron kuskure ya rufe miki baki. Na ji matasansu da yawa yanzu suna gudu zuwa harshen Indonesiya don kada su yi kuskuren hawa, da haka na saman yake zubewa daga bakinsu. Ke baƙuwa ce, kina da uzurin da ba su da shi. Ki yi amfani da shi. Ki zauna kusa da tsofaffi ki bar su su gyara miki. Babu abin da tsoho yake so irin a nemi abin da ya sani.

Akwai wata kalma da ta yaudare ni, ita ce inggih. An ce mini ma'anarta "e". Wata rana ina lanƙwasa mata gwiwa ina tambaya ko in ci gaba, tana cewa inggih, inggih, ni kuwa ina ƙara dannawa, ina jin daɗi wai yau muna samun ci gaba. Sai da na ɗago kai na ga hawaye yana gangara mata zuwa kunne. Na saki ƙafar da sauri. Da na gaya wa ɗanta sai ya ce, inggih tana iya zama "na yarda", tana iya zama "na ji ki", tana iya zama "ba na so amma ba zan kunyata ki ba". A fuska da jinkirin amsa ake ganewa. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ni Bahaushiya ce, na san "to" ɗin da take nufin to, na san "to" ɗin da take nufin a'a. Ban dai yi tunanin wasu ma suna da tasu ba.

Ki riƙa kallon fuska idan ana amsa miki. Idan kika nemi abu aka ce inggih amma aka ja ta, ki janye da kanki cikin ladabi. Sai dai ina so ki ji wannan da kyau. Ki koyi tausasa "a'a", amma kada ki koyi haɗiye ciwo. Idan wani abu yana cin ki a gidan nan, ko rashin lafiya, ko kewa, ko wani ya taka ki, ki gaya wa mijinki a fili, ki kira ni ki gaya mini a fili. Ni ba na son inggih daga bakinki.

Da Sallah ƙarama ta zo Mbah ta koma gida Annandale tana takawa da sanda, suka gayyace mu. Kina wurin, amma kuna can waje kuna guje-guje. Bayan an ci abinci aka zaunar da ita a kujera. Pak Darmo ya taho da gwiwoyinsa tun daga bakin ƙofa har gabanta, ya kifa goshinsa a gwiwarta, ya nemi gafararta da harshen sama, doguwar magana, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Watanni ya yi yana shirya ta. Ta dafa kansa ta amsa masa da na ƙasa, don uwa da na ƙasa take yi wa ɗanta magana, ta ce, "Iya, Le." Wato to, yarona. Abbanki da ba ya kuka ya tashi ya fita wai zai duba mota.

A wurin walimar nan na ga wani abin mamakin. Wata mata mai sayar da magani ta zo daga wani gari, na ɗauka 'yar ƙasarsu ce. Ashe daga Suriname take, can Kudancin Amurka. Turawan Holan ne suka kwashi kakanninta a jirgin ruwa zuwa aikin gonaki, ba su sake komawa ba. Ba ta taɓa taka Jawa ba, ba ta jin harshen Indonesiya ko kaɗan, amma ta durƙusa gaban Mbah suka kama hira. Mbah tana ta riƙe baki, wai matar tana faɗin kalmomin da rabonta da jin su tun kakarta tana raye. Ki duba fa, an raba mutane da ƙasarsu, an kai su bayan duniya, jikokin jikokinsu suna nan riƙe da harshen. Abbanki ya ƙara mini da cewa harshen mutanen Madagaska, nan gefen Afirka, danginsu ɗaya da Jawanci, don kakanninsu ta teku suka zo daga wancan yankin. Na ce Allah mai iko, ashe muna maƙwabtaka da danginsu ban sani ba.

Mbah ta koma gida Jawa, bayan 'yan shekaru Allah ya karɓi abarsa. Sai ga Bayu, ɗan 'yarta wanda ta yi rainonsa, ya zo karatu ya sauka gidan kawunsa. Sauran labarin kin fi ni sani. Abin da ba ki sani ba shi ne, da Abbanki ya gaya mini yaron ya aiko neman aurenki, duk son da nake yi wa gidan sai da gabana ya faɗi. Na ce, "Alhaji, zumunci daban, aure daban. Ina mu ina ƙarshen duniya? Musuluncin nasu ma wane iri ne, mun sani?" Ya ce, "To mu je mu gani da idonmu." Tafiyar da muka yi bara ke nan, wadda muka ce miki ziyarar kabarin Mbah ce kawai. Mun ziyarci kabarin, amma bincike ne ya kai mu.

Mamana, za ki gani da idonki, amma bari in riga ki faɗa. Gonakin shinkafa hawa-hawa kamar matakala, kore shar har inda ido ya tsaya, ga wani dutse a bayansu yana fitar da hayaƙi, mutane suna noma a gindinsa hankali kwance. Shinkafar ma ba suna ɗaya gare ta ba. Tana gona pari ce, an sussuke ta gabah, an cashe ta beras, an dafa ta sega. Har ƙwaya ɗaya da ta maƙale a gefen baki tana da sunanta, upa. Na tuna yadda muke da zangarniya da tsaba da gari da tuwo, na ce kowa da abin da ya raya shi. A allunan tituna za ki ga wani rubutu mai lanƙwashe-lanƙwashe kamar zanen lalle a ƙarƙashin na boko. Nasu ne na asali, tushensa daga Indiya, sun yi ɗaruruwan shekaru suna rubuta waƙoƙi da tarihin sarakuna da shi, tun kafin Musulunci ya iso musu. Yanzu ba kowa ke iya karanta shi da sauri ba, amma ana koya wa yara a makaranta.

Ranar da ta warware mini zuciya ita ce ranar da wani kawun Bayu na can ya kai mu makarantar malamin ƙauyensu bayan la'asar. Malamin yana zaune a tabarma da littafin fiƙihu mai rawayar takarda, yana karanta Larabci kalma-kalma yana fassarawa, manyan ɗalibai suna rubuta ma'anar da ƙananan haruffa a karkace ƙarƙashin kowane layi. Na tsaya cak. Wallahi zauren mahaifina na gani. Abbanki ya nemi izini ya karɓi littafin. Haruffan Larabci ne, an ƙara wa wasu ɗigo don sautin da Larabci ba shi da shi, daidai yadda muke yi da ajami. Su pegon suke kiran nasu. Ya fara karantawa da ƙarfi, bakinsa yana fitar da Jawanci, shi kuwa bai san me yake faɗa ba. Ɗaliban suka fashe da dariya, malamin ya kama hannunsa ya ƙi saki. Abbanki ya karɓi alƙalami ya rubuta musu layi ɗaya da ajaminmu, malamin ma ya karanto Hausa tiryan-tiryan bai san me ya ce ba. Sannan muka shiga lissafin ranaku. Na ce Talata, suka ce Selasa. Na ce Laraba, suka ce Rebo. Alhamis, Kemis. Idan suna tambayar labari, kabar suke cewa. Ashe ruwa ɗaya muka sha, su ta teku ya zo musu, mu ta hamada. Na ji kunyar tambayar da na yi wa Abbanki. Kada ki taɓa auna addinin mutane da nisan garinsu ko da bambancin al'adarsu. Za ki ga abubuwan da ba mu yi. Wanda bai saɓa wa shari'a ba ki bi su, wanda zuciyarki ba ta natsu da shi ba ki janye ba tare da wa'azi ba.

A gidan surukarki na tafka na ƙarshe, kuma gara ki ji daga bakina, don na tabbata za a ba ki labari. Ta tambaye ni ko na ci abinci. Ni kuma ina ji da kaina, ɗalibar Mbah guda, na gyara zama na ce, "Kula sampun dhahar." 'Yan matan gidan suka ruga kicin, ina jiyo su suna ƙyaƙyatawa. Ashe dhahar cin manya ne, ana faɗa wa wani, ba a faɗa wa kai. Naka cin nedha ne, ko da kai ne sarkin garin. Kamar in miƙe a gaban surukai in ce, "Ni, ranki ya daɗe, na kammala liyafa." Surukarki ta danne dariyarta ta ce ai baƙo sarki ne a gidansu, na faɗi daidai. Ki ga irin matar da za ki zauna da ita. Amma ki riƙe ƙa'idar, don ita ce zuciyar harshen: kalma mai daraja ta wani ce, taka ita ce mai sauƙi. Na yi ta tunani a jirgi muna dawowa, wane irin mutane ne suka zauna suka gina tawali'u a cikin nahawunsu, yadda ba za ka iya cewa "na ci" ba sai ka sunkuya?

Saura guda, ita ce ta fi yi mini nauyi. Duk shekarun da nake sha'awar harshen wasu, nawa yana zubewa a cikin gidana. Kina dawowa daga makaranta in yi miki Hausa ki amsa da Turanci, ni kuma na gaji, ga girki, ga aikin gobe, sai in bar ki. Har ranar da Hajiya, mai sunanki, ta kira daga Zariya, kika riƙe wayar kina murmushi kina cewa "na'am, na'am", kika miƙo mini. Hajiya ta ce, "Yarinyar nan ba ta da lafiya ne?" Na ce lafiyarta ƙalau. Ta ce, "To me ya sa ba ta yi mini hira?" Ke da kanki kika gyara lamarin bayan kin girma, kika dage har kika iya karanta takarda irin wannan. Allah ya yi miki albarka. Idan Allah ya ba ku haihuwa, 'ya'yanki za su sami harshen Indonesiya a makaranta, Turanci zai bi su har ɗaka ko ba ku gayyace shi ba. Biyun da za su gudu idan aka yi sake su ne na kakanninsu. Ki bar surukarki ta yi musu Jawanci, na ƙasa da na sama. Ke kuma ki yi musu Hausa, ko da karyayya ce, ko da sun amsa da wani abu daban. Ki sake faɗa, ki jira amsa. Ina so ranar da na kira a ba ni su mu yi hira.

Ran Lahadi da kika fita sallama da ƙawayenki, mijinki ya zo shi kaɗai. Ina kicin ina ƙulla miki kuka da daddawa. Ya yi sallama, ya ƙi zama a kujera, ya durƙusa bakin ƙofa kansa a ƙasa. Na ja mayafi, don kin san suruki, kunya ta kama ni ni ma. Ya ce da Hausa, yana jan kowace kalma kamar mai ɗauke da ƙwai, "Mama, na zo sallama. Zan tafi da 'yarku nesa. Ku yafe mini. Zan riƙe amana." Ashe Abbanki yake bi masallaci yana koya masa. "Ku" ya ce mini, Mamana, ba "ki" ba. Ya tambayi Abbanki yadda ake hawa sama a harshenmu, aka ce masa iyakar abin da muke da shi ke nan, shi ne ya riƙe shi da hannu biyu. Na so in amsa masa da nasu, na buɗe baki, komai ya gudu. Abin da ya fito kawai shi ne, "Tashi, ɗana. Allah ya yi maka albarka." Ya ce amin, bai tashi ba sai da na sake faɗa.

Da wannan mutumin nake sallama ki, shi ya sa zuciyata take kwance ko da idona bai kwanta ba. A filin jirgi ba zan iya doguwar magana ba, kada ki ga na yi shiru ki damu.

Allah ya kai ku lafiya, ya saukar da ku lafiya. Allah ya tsare ki daga sharrin hanya da na dare da na rana, ya sa ki shiga gidan da ƙafar dama. Allah ya buɗe miki kunne, ya sassauta miki harshe, ya sa mutanen garin su so ki, ke ma ki so su. Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Ki riƙe sallarki a kan lokaci. Ki gaishe mini da surukarki da kyau, ki durƙusa idan za ki isar. Abbanki yana sa miki albarka. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini.

Na bar ki a hannun Allah, wanda ajiyarsa ba ta ɓata.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarki